Fankar Obin da Kek ɗin Gara

Ɗiya ɗaya Allah ya ba ni, ita ce ta fari, ita ce auta. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai har wata ta zo ta ɗaga shi. Ranar da aka yaye tawa, gwaggonta, yayar ubanta, ta goya ta, ta tafi da ita gidanta nan cikin Tsafe, aka ce riƙo ne. Ban yi kuka a fili ba, don mai kuka a kan ɗan fari abin dariyar mata ce. Ba a jima ba aurena da ubanta ya mutu. Na koma gidanmu a Bungudu, na shiga makarantar manya, na koyi buga tafireta. Da aka ba mu jiha, Gusau ta cika da ofisoshi, na samu aiki a ɗaya daga cikinsu, na kama ciki da falo a Tudun Wada. Ni kaɗai nake kwana, ni kaɗai nake tashi.

Tsakani da Allah, gwaggon ta riƙe yarinyar da amana, ba ni da abin cewa. Sai dai ni na zama baƙuwa. In mun haɗu wajen biki ko ta'aziyya, yarinyar za ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa a taƙaice kamar ina sauri. Gwaggonta take kira Inna. Ni kuwa ba ta da abin da take kirana da shi, sai dai ta matso kusa ta yi magana don in san da ni take. Abin yana cina ƙwarai, amma wa zan gaya wa?

Bayan kakar wata shekara, can wajen ƙarshen mulkin soja, gwaggon ta aiko wata mata ta ce mini an sa ranar biki. Yarinyar ta gama makarantar horon malamai, ta kawo wani malamin firamare ɗan 'Yandoto, kowa ya yi na'am da shi. Gado da katifa da kwanuka ubanta ya yi. Alkaki da nakiya da dublan, kayan garar da za a kai gidan miji, matan gidansu sun ɗauki nauyi. Saƙon ya ƙare da cewa ni dai in zo in sa albarka, kada in wahalar da kaina.

Kada in wahalar da kaina! Na san da zuciya ɗaya ta faɗa, amma ranar ko loma ban iya haɗiya ba. Wato za a kai ɗiyata ɗakinta, a jera komai, babu ko tsinke da ya fito daga hannuna. Na ce wa matar ta koma ta gaya musu kek ɗin gara nawa ne, kada kowa ya taɓa. Ban yi shawara da kowa ba, bakina ne kawai ya riga ni.

Abin da na dogara da shi obin ne, tanderun lantarki, fari mai ƙofar gilashi. Asalinsa na maƙwabciyata ne, wata 'yar Kudu, Kirista, matar wani ma'aikaci da muke tsakar gida ɗaya da su. Ita ta koya mini kek. Duk Asabar tana gasa wa matan cocinsu, ni ina fasa mata ƙwai muna hira, Hausarta a karye, Turancina a gurgunce, amma mu yi ta dariya har cikinmu ya ƙulle. Ita kaɗai ce mai leƙo ni in ta ji shiru ya yi yawa. Da aka yi wa mijinta canjin gari, motar kayansu ta cika maƙil, sai ta bar mini obin ɗin. Kafin ta tafi ta nuna mini wata 'yar fanka a bangon ciki, bayan wani faifan ƙarfe mai huji-huji, ta ce, "Anti, wannan fanka shi ne komai. Shi yana raba zafi." Ɗakinsu kuwa ya zauna a kulle, mai gidan bai sa kowa ba. Gidan gaba ɗaya ya zama nawa ni da ƙadangaru.

Da biki ya matso na ɗauki hutu a ofis, na hau mota zuwa Bungudu. Matar yayana ta daɗe tana tara mini ƙwan kajinta, ta jera su a ƙwarya cikin dusa don kada su fashe. Na rungumo ƙwaryar a cinya har Gusau. Duk ramin da direba ya faɗa sai na zage shi a zuci, wani lokacin ma a fili. Na sayi fulawa da bota da sukari, na wanke gwangwanayen da nake zuba kwaɓi a ciki, na kife su a rana.

Allah ya sa na ce bari in gwada da ɗan kaɗan tukuna. Na kwaɓa, na zuba, na jera a faranti, na rufe. Da na buɗe, inna lillahi! Na can ciki sun yi baƙi ƙirin, na bakin ƙofa kuwa ɗanye sharaf, in ka taɓa ya manne maka a yatsa. Na kara kunne a jikin obin. Zafi yana nan, fitilar ciki tana ci, amma hucin iskar da na saba ji babu shi. Sai wani gurnani ƙasa-ƙasa, kamar na mage in an taka mata wutsiya ba ta samu hanyar gudu ba.

Da farko na ɗora wa masu wuta laifi, don a lokacin in an kawo ta ma, sau da yawa ba ta da ƙarfi, ƙwan fitila sai ya yi ja kamar garwashi. Na zauna na jira har ta cika, fankar ɗaki tana gudu tana kaɗa labule. Na sake kunnawa. Gurnanin dai. Na canja soket, na ciro filogi na hura, na kankare ƙafafunsa da wuƙa. Na bubbuga gefen obin da tafin hannu yadda ake yi wa rediyo. Na bubbuga bayansa. Har Bisimilla na yi na tofa masa. Fanka ta ce ba ta san zancen ba.

Washegari da safe, ana gobe sa lalle, na tafi bakin kasuwa na ɗauko wani mai gyaran fanka da rediyo. Da muka iso ƙofar gida ya tsaya, ya ce, "Hajiya, maigidan na ciki?"

Na ce, "Babu maigida."

Ya ce, "To, a hiddo shi zaure."

Ban ga laifinsa ba, amma sai da raina ya sosu. Na shimfiɗa buhu, na kwantar da obin a kai, na ja shi da baya da baya tun daga kicin har zaure, shi yana tsaye a waje yana kallon sama. Na jawo waya daga ɗaki na haɗa. Ya durƙusa ya saurara, ya ce koyil, wato wayar injin fankar, bai ƙone ba, don wanda ya ƙone ba ya gurnani, wani abu ne ya riƙe fankar. Ya zare filogi, ya kwance faifan ƙarfen nan mai huji, ya tura fukafukan da yatsa. Da ƙyar suka motsa. Ya ce sai an cire su kafin a ga abin da ke bayansu, kuma noti ɗaya ne a tsakiya ya riƙe su.

Ya sa sifana ya murɗa. Noti bai motsa ba. Ya gyara zama, ya ciji leɓe, ya murɗa har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Shiru. Sai na ga ya lalubo guduma a jakarsa ya fara dukan sifanar, gilashin ƙofa yana karkarwa.

Na ce, "Haba Malam! Gyara na kira ka ko rushewa?"

Ya ajiye gudumar, ransa a ɓace. Ya ce tsatsa ce ta ci notin, sai dai in kai masa obin ɗin shago ya jiƙa shi da baƙin mai ya kwana biyu. Na ce ba ni da kwana biyu. Ya ce to shi ma ba shi da wata dabara. Na roƙe shi ya bar mini sifanar zuwa yamma, ya dube ni kamar na ce ya ba ni aron hularsa, amma ya bari.

Na tura ƙofar zaure, na durƙusa, na cusa kaina da kafaɗuna cikin obin. Na murɗa, na murɗa, har tafin hannuna ya yi ja ya fara ɗurar ruwa. A waje ina jin masu tallar fura suna wucewa, mata suna gaisawa ta kan katanga, wata tana kiran wata ta zo ta kama mata tukunya. Ni babu wanda zan ce wa riƙe mini nan. A nan, kaina cikin obin, na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba ranar yaye. Na ji tausayin kaina, na kuma ji haushin kaina da na buɗe baki na yi alƙawari.

Haushin ne ya fi ƙarfi. Na share fuska, na ce wa notin, "To, tunda ba za ka kwance ba, bari in ƙara ɗaure ka har ka karye, kowa ya huta." Na juya sifanar ta wajen ɗauri, na danna da duk ƙarfina. Sai ji na yi ƙas, hannuna ya tafi, na bugi bangon obin da gwiwar hannu. Na ɗauka na karya shi. Ina dubawa sai ga noti yana juyawa salin alin. Ashe shi baibai aka yi shi, ta inda ake ɗaure sauran shi ta nan ake kwance shi. Duk ƙarfin da mutumin nan ya zuba, da nawa, ƙara ɗaure shi muke yi.

Na zare fukafukan. A gindin ƙarfen da suke juyawa a kai wani baƙin abu ya daskare, mai danƙo kamar ƙaro. Na lakato na shinshina, sai na ji ƙaurin ƙuli-ƙuli. Nan take na gane. Da damina fankar ta fara wani ƙii-ƙii, ni kuwa na tsoma gashin kaza a man gyaɗa na ɗiga mata ta hujin faifan, yadda muke yi wa ƙyauren ɗaki in yana kuka. Ta yi shiru, na ce na iya gyara. Ashe zafi ya yi ta soya man nan, yana haɗa shi da garin fulawa, har ya kama ƙarfen ya riƙe gam.

Na kankare da bakin wuƙa iya inda ta kai, sauran ya shige can cikin rami. Abin da na sani yana narkar da irin wannan kananzir ne. Lokacin kuwa ana wahalar mai, gidajen mai a bushe, in ka ga jarka a hannun mutum har tambayarsa kake ina ya samo. Na ɗauko fitilar ƙwaina na juye abin da ke cikinta a gwangwani. Na jiƙa tsumma ina matsawa a gindin ƙarfen, ina juya shi da yatsu, baƙin ruwa yana fita. Ban yi rowa ba, na zuba sosai. Na ga wani kananzirin yana tsiyaya ta ramin yana shigewa cikin wata aba kamar auduga da ke bayan bangon, ban kawo komai a raina ba. Can sai ƙarfen ya saki. Na murza shi da yatsa biyu, ya yi ta juyawa shi kaɗai.

Na goge ko'ina da busasshen tsumma, na mayar da fukafukan, na ɗaure notin ta hanyarsa ta baibai, na mayar da faifan. Na sa filogi. Wayyo daɗi! Iska ta huro mini a fuska, fuuu, babu gurnani, babu ƙara. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, ni kaɗai a zaure. Sai kuma na ji kunya na rufe baki, ko da yake babu wanda ya ji.

Na san ya kamata in bar shi ya yi ta ci babu komai a ciki, ƙofa a buɗe, har ya huce. Amma azahar ta wuce, kuma wutar nan ba ta da alƙawari, tana iya tafiya yanzu sai jibi. Ban ma tsaya mayar da shi kicin ba. Na kwaso kayana zuwa zaure, na fasa sauran ƙwan Bungudu gaba ɗaya, na buga bota da sukari har hannuna ya sage, na zuba fulawa. Faranti na fita, wani na shiga. Masha Allah, ban taɓa yin kek irin na ranar ba. Sun tashi ɓul-ɓul, kansu ɗaya, launinsu ɗaya, na gaba da na baya ba ka bambanta su. Masu wuta ma ranar sun yi mini kara, ba su ɗauke ba sai da farantin ƙarshe ya fito, da la'asar sakaliya.

Na ɗauki ɗaya na gutsura. Na ji ɗan warin kananzir. Na ce hannuna ne, don tun safe nake cikinsa, zanena ma wari yake, zauren ma haka. Na wanke hannu da sabulu da toka, na sake ɗanɗanawa. Wannan karon ban ji komai ba, ko kuwa hancina ne ya riga ya saba, oho. Na tsaya da kek a hannu, na dubi ƙofar maƙwabciyata, kwaɗo na rataye. Na leƙa waje, na yi tunanin in shiga gidan da ke kallonmu in ce wa matar ta ɗanɗana mini. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ban taɓa taka tsakar gidanta ba. Na ce yanzu in shiga da kek a hannu, ta ce bazawarar nan me take nema? Na koma ciki. Na jera su a babbar kwalla tun da sauran ɗuminsu, na rufe, na ɗaure da sabon ɗankwali. Na mayar wa mai gyara sifanarsa.

Da hantsi na sauka a Tsafe, kwalla a kaina. Gidan gwaggon ya cika da mata, ana ta daka, ana ta suya. Aka yi mini maraba irin ta baƙuwa mai daraja, aka kai ni ɗakin da aka tara kayan gara. A nan amaryar take, can ƙurya a kan tabarma, an lulluɓe ta da mayafi, hannuwanta biyu a ƙunshe cikin lalle, ƙawayenta sun kewaye ta. Na zauna nesa da ita, kusa da ƙofa.

Gwaggon ta kwance ɗankwalin da kanta, ta ɗaga murfi. Mata suka leƙo.

"Kai, kai, kai! Kamar na kanti!"

"Wanga aiki da hannu anka yi shi?"

Wallahi na ji daɗi, har kaina ya yi girma. Gwaggon ta ɗauki ɗaya ta miƙa wa wata tsohuwa, kakar amarya ta wajen uba, ta ce ta fara sa albarka. Tsohuwar ta gutsura, ta tauna, sai bakinta ya tsaya. Wata ta ɗauka ta kai hanci, ta mayar a hankali. A lokacin ne warin ya iso inda nake. A ɗakin da babu fitila, babu tsumma, babu zaurena, na ji shi sarai. Kwana ɗaya da ya yi a rufe ya sa ya ƙara kama jikinsa. Fankar da na gyara ita ta bi kowane kek ta hura masa kananzir, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Tsohuwar ta tofar a tafin hannunta, ta ce, "Wanga kek ne ko lagwani?"

Wata yarinya ta ƙyalƙyale, aka zungure ta. Na so ƙasa ta tsage in shige. Gwaggon, Allah ya saka mata, ta yi maza ta ce ai motocin yanzu ne, kowa da jarkarsa a ƙarƙashin kujera, dole kaya su ɗauki wari. Ta mayar da murfin, ta ce wa wata, "Ɗauke shi ki kai bayan ɗaki kafin baƙi su ƙaru."

Matar ta sunkuya za ta ɗauka, sai murya ta fito daga ƙarƙashin mayafi.

"Inna, a bar shi nan."

Amarya ba ta magana a irin wannan zama, kowa ya sani. Duk aka juya.

Gwaggon ta ce, "Ke, ba ya ciwuwa, ɗiyata."

"A bar mini abina. A ba ni in ci."

Ta ɗago hannuwanta da ke ƙunshe, ta nuna ba ta da yadda za ta ɗauka. Ƙawayenta suka dubi juna, babu wadda ta yarda ta sa wa amarya wannan abu a baki. Gwaggon ma ta tsaya riƙe da ɗankwali. Sai na ga mayafin ya juyo wajen ƙofa, inda nake zaune, ya tsaya.

Ban san yadda na tashi ba. Na tsallake ƙafafun mata, na buɗe kwallar, na ɗauki ɗaya, na durƙusa a gabanta. Na ji tsohuwar tana cewa, "Yau ga mu ga rashin kunya," amma babu wanda ya taya ta. Na gutsuro ɗan kaɗan, na sa hannu ƙarƙashin mayafin. Na ji leɓɓanta a yatsuna, da ɗumin numfashinta. Ta tauna a hankali, ta haɗiye.

Ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji, ta ce, "Ba wanda ya ɗanɗana miki?"

Na ce, "Babu."

Wani ɗigo mai ɗumi ya sauka a bayan hannuna.

Na ce, "Ya isa haka, zai ɓata miki ciki."

Ta ce, "Ƙara mini."

Na gutsuro, na ƙara mata.